Matakalar Zalɓe

Idan babur ɗaya ne, wurin zama ɗaya ya rage a kansa, ga tsohuwar da ta haife ka, ga 'yar abokinka da aka bar maka amana, ƙarar bindiga kuma tana matsowa daga bayan gari, wa za ka ɗora? An kai wannan tambaya gaban liman, an kai ta gaban fasto. Kowannensu ya yi dogon bayani a kan ƙaddara, amma babu wanda ya buɗe baki ya kama suna. Shekara biyu Abarshi magini yana yawo da ita a ƙirji, yana aza bulo da ita, yana cin tuwo da ita, kuma har yau ba a sami mai amsa ta ba.

Abarshi da Obed tare suka tashi a wani ƙauye can bayan Gwaska, danga ɗaya ta raba gidajensu. Tuwon Sallah yakan tsallaka dangar, shinkafar Kirsimeti ta tsallako. Ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyen, da hantsi ne, Abarshi yana Birnin Gwari, ya kawo matarsa Saude asibiti. 'Yarsu Lailatu, mai shekara goma sha takwas, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu cikin haihuwa biyar, tana gidan Obed tana taya mahaifiyarsa, Martha, ginin tukwane. Da Abarshi zai tafi da safen ya leƙa ta kan danga ya ce, "Obed, ga amana." Obed ya ce, "Je ka abinka, ai gida take."

Obed ya ɗora ɗansa a kan tankin babur, matarsa Patience da tsohon ciki a bayansa, saura ɗan ƙarfen nan na can baya. Lailatu ce ta cicciɓi tsohuwar ta aza ta a kai, ta cire mayafinta ta ɗaure ta a jikin Patience. Ta ce, "Ku tafi, Baba Obed, ni ina da ƙafa." Obed ya sauke iyalinsa a bakin titi ya juya, amma hanya ba ta shigu ba sai washegari. A bakin rafi ya same ta. Shi ya ɗauko ta, shi ya tsaya a gefe har aka rufe ta.

An maimaita wa Abarshi labarin nan ya fi a ƙirga. Obed ma yakan ƙara da cewa tsohuwar ta yi ta kuka tana cewa a sauke ta a ɗauki yarinyar. Abarshi amsarsa ɗaya ce.

"Yarinya ce. Yarinya ta ce a tafi, sai babba ya tafi?"

Da aka watse daga ƙauyen, wani ɗan garinsu mai suna Alhaji Abdulsalam ya ba su wani fili nasa a gefen Birnin Gwari, a jikin tudu, mai tsofaffin ɗakuna biyu-biyu a sama da ƙasa. Babu wanda ya tambayi Abarshi da wa yake son zama. Obed da iyalinsa suka sami na sama, shi da Saude na ƙasa. Rijiya a ƙasa take, haka bayan gida, haka inuwar mangwaro inda mata ke zama. Tsakanin sama da ƙasa kuwa gangare ne na jar ƙasa, ɗan siriri, katangar maƙwabci a hannun dama, kwazazzabon da ruwa ya ci a hannun hagu. Gwiwar Martha ta riga ta ƙage. Kullum da safe Obed ke goyo ta ya sauko da ita, da yamma ya mayar da ita.

Abarshi bai daina gaisuwa ba, don ya san hukuncin mai ƙaurace wa maƙwabci. Amma gaisuwar ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau". In Patience ta aiko da abinci, Saude ta ci, shi ya ce ya ƙoshi. Tsohuwar kuwa ko inda take ba ya kallo.

Ruwan farko na shekara ta biyu ya sauka da rana tsaka. Washegari Obed ya goyo uwarsa, santsi ya kwashe shi a tsakiyar gangaren, suka zube tare. Allah ya kiyaye, ƙugunta ne kawai ya bugu. Da la'asar ya zo ya tsaya a ƙofar Abarshi, yana murza hularsa a hannu.

"Abarshi, wurinka na zo."

"To."

"Ka ga abin da ya faru. Damina ta kama. An ce hanya ta ɗan lafa, mutane za su koma gona, ni ma dole in je in yi shuka, sai in yi kwana goma ban dawo ba. Patience ga goyo, ba za ta iya ɗaukar Mama ba. Matakala nake so ka yi mana. Ni zan fasa dutsen, ni zan kawo."

"Magina sun ƙare a garin nan?"

"Masu siminti suna nan. Ruwa ɗaya zai shiga ƙarƙashi ya ɗaga shi. Kai ka sani, ni ma na sani."

"Ba ni da lokaci."

Obed ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Ba don ni ba."

Abarshi ya ce, "Na san don wa."

Bayan ya tafi Saude ta ajiye tankaɗen da take yi.

"Malam, matar nan ita ta karɓi haihuwar Lailatu. Ita ta yanke mata cibi."

"Ban manta ba."

"To me ta yi maka?"

"Tana numfashi," in ji shi. Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya yi istigfari, ya ɗauki buta ya fita. Saude ba ta sake ɗaga zancen ba.

Ruwa na biyu shi ya yanke hukunci. Ya zo da ƙarfi, ya kwaso jar ƙasar gangaren gaba ɗaya ya shigo da ita ɗakin Abarshi, ya jiƙa katifa, ya ɓata rabin buhun masara. Suka wuni suna kwasar taɓo da kwanon sarki. Da safe Abarshi ya fito da diga da shebur, ya tsaya a gindin gangaren yana dubansa sama da ƙasa.

Ya ce da Saude, da ƙarfi yadda na sama za su ji, "Ruwa zan tare. Idan ban ɗaure ƙasar nan da dutse ba, ɗakin nan ba zai kai kaka ba. Don ruwa zan yi."

"To, don ruwa," in ji Saude. "Ba za ka hau ka auna Mama ba?"

Ta san abin da take tambaya. Abarshi ya koyi aikin dutse a hannun wani tsoho, kuma abin da tsohon ya fara koya masa, tun kafin riƙon guduma, shi ne ba a yi wa matakala awo da tef. Kafin a haƙa ko'ina, magini zai nemi wanda ya fi kowa rauni a cikin masu hawanta, tsoho ko gurgu ko mai ciki. Zai durƙusa a gabansa da karan dawa a tsaye, ya ce ya ɗaga ƙafa iya inda ba ta yi masa ciwo, ya tallafi diddigen da hannu, ya tsaga karan da wuƙa a daidai wurin. Wannan tsaga ita ce tsayin kowane taki, daga na farko har na ƙarshe. Shekara talatin Abarshi bai taɓa aza dutse ba tare da ya yi haka ba.

Ya ce, "Ba zan durƙusa a gabanta ba. Ba zan taɓa ƙafarta ba."

"To da me za ka auna?"

"Ina da hannu."

Ya fara daga ƙasa, kamar yadda ake yi. Ya haƙa har ya tarar da ƙasa mai tauri, ya shimfiɗa tsakuwa, ya kirɓe ta da tsohuwar taɓaryar Saude. Obed bai jira an kira shi ba. Ya hau bayan tudun ya hura wuta a kan falalen dutse, dutsen ya yi zafi ya ɓare fale-fale, ya riƙa turo su a baro yana jerawa a gefen rijiya. Ba ya magana, Abarshi ma ba ya yi. Sai dai in dutse bai yi ba Abarshi ya ture shi da ƙafa, Obed ya ɗauke ya kawo wani.

Mafi girma shi ya zama na farko. Su biyu suka cicciɓe shi, goshinsu ya kusa haɗuwa, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Abarshi ya zaunar da shi, ya hau kai ya yi tsalle, dutsen bai motsa ba. Ya tsiyaya ruwa daga buta a kansa yana kallo. Dole ruwan ya gangaro gaba a hankali, kada ya tsaya, kada kuma ya koma baya ya shiga ƙarƙashi. Ya ɗaga bayan dutsen ya cusa 'yar tsakuwa, ya sake zubawa, sai da ruwan ya bi inda yake so. Sannan ya cike baya da marmara, ya kirɓe, ya aza na biyu yadda bakinsa zai hau kan na farko da faɗin yatsu huɗu. Haka kowane dutse ke danne na ƙasa da shi, na sama kuma ya danne shi. Kafin ya zaunar da kowanne yakan kai hannu jikin ƙasar da ya yanka, ya buɗe yatsu, ya ƙara ko ya rage, ba tare da ya tsaya tunani ba.

A rana ta uku Obed ya kawo wani dutse mai doro a tsakiya. Abarshi ya dube shi.

"Wannan kuma kunkuru ne ka kamo?"

Obed ya yi dariya kafin ya tuna. "Tun muna yara ba ka taɓa yabon abin da na ɗauko ba."

"Tun muna yara ba ka taɓa ɗauko na kirki ba."

Dariyar ta yanke. Abarshi ya sunkuya ya ci gaba da kirɓa, Obed ya juya baro.

Aikin ya riƙa jawo masa wata matakala da ya taɓa yi, wadda ta sauka daga bayan gidansa na ƙauye zuwa rafi. Lailatu tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ta yi tsawo farat ɗaya, duk ƙafa ce. Tun da ita ke ɗebo ruwa, ita ya auna. Ya durƙusa ya ce ta ɗaga ƙafa, ja'irar ta ɗaga ta sama da gangan tana danne dariya.

"Nan ne iyakarki?"

"Wallahi Baba ko ciwo ban ji ba."

Ya san wasa take yi, amma ya tsaga karan a wurin, ya gina mata yadda ta ce. Taƙi ɗaya, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, da ƙarin yatsu uku. Ita takan haye da tulu a kai kamar ba komai. Matan unguwa kuwa da suka riƙa bi ta nan suka yi ta mita, Martha ce kan gaba, don ta nan take ɗebo yumɓu. Ita ta laƙaba wa Lailatu suna Zalɓe saboda dogayen ƙafafun, matakalar ma ta zama matakalar Zalɓe. A gindinta Obed ya sami gawar.

Kwana shida ya gama. Taki tara, da magudanar ruwa a gefen kwazazzabo wadda ya jere da ƙananan duwatsu. Aka yi ruwa ranar Asabar, ya bi magudanar ya wuce, ko ɗigo bai shiga ɗakin ba. Maƙwabta suka leƙo suna sa albarka.

Ranar Lahadi da safe Martha ta fito cikin shirin coci, da farin ɗankwali da sandarta. Obed ya riƙe mata hannu a bakin takin sama. Abarshi yana gindin mangwaro yana wasa bakin diga, ya ba su baya, amma kunnensa yana can.

Ta dogara sandar a takin da ke ƙasa da ita. Ta miƙa ƙafar dama, ƙafar ta yi ta lilo a iska ba ta kai ba. Kafin ta kai sai gwiwar hagu ta lanƙwashe, ita kuwa ba ta lanƙwasuwa. Ta janye, ta gwada da ɗayar. Ta gwada a karkace. Zufa ta keto mata.

"Zaunar da ni," in ji ta.

Ta zauna a bakin dutsen. Ta kai hannu ta shafa fuskar takin daga sama zuwa ƙasa, hannun da ya shekara sittin yana auna bakin tukunya ba tare da ma'auni ba. Ta buɗe yatsu, ta ƙara uku. Sannan ta ɗaga murya, da Hausarta mai gauraye da harshen Gbagyi.

"Ɗan Muslimat."

Ita kaɗai ta rage a duniya mai kiransa da sunan uwarsa. Bai juyo ba.

"Ɗan Muslimat, wannan ai matakalar Zalɓe ce."

Dutsen washin ya tsaya a hannunsa. Saude da ke bakin rijiya ta saki guga, igiyar ta zurara ciki.

Da suka tafi coci, Obed goye da uwarsa, Abarshi ya tashi ya je ya aza hannu a taki na farko. Taƙi da yatsu uku. Na biyu, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na tara, babu wanda ya kauce ko da faɗin farce. Bai yi niyya ba. Ya rantse wa kansa bai yi niyya ba. Amma ya kasa sanin ko hannun nasa kewar 'yarsa ya yi, ko kuwa mugunta ya ƙulla wa tsohuwar a ɓoye, ya gina mata abin da ya san ba za ta iya taka ba.

Da yamma Obed ya ce, "Ko a ƙara ƙanana a gefe, tsakanin kowane biyu?"

"Ina gefen yake? Nan katanga, nan magudana. In an rage faɗin, sandarta ba ta da wurin tsayawa."

"To yaya ake yi?"

"Sai an tayar da su duka. A ja gindin ya kai kusa da rijiya, a yi sha takwas maimakon tara."

Martha tana zaune a sama tana jinsu. Ta buga sanda a ƙasa.

"Kada wanda ya taɓa mini su. Gidan sun ƙone shi. Tukwanen da ta gina sun farfashe. Ko hotonta babu, sun tafi da wayar. Wannan kaɗai ya rage mai tsawon ƙafarta. Ku bar shi. Ni zan san yadda zan yi."

Abarshi a ransa ya ji sanyi da ta faɗi haka, ya kuma ji kunyar sanyin.

Ranar Talata Obed ya bi ayarin masu komawa gona. Ranar Laraba da safe Abarshi ya ga yadda ta ce za ta yi. Ta zauna a takin sama, ta jefa sandar ƙasa, ta dafa hannu biyu, ta ja gindi ta sauke kanta a na ƙasa da shi. Ta huta. Ta sake. Kafin ta kai ƙasa Saude ta dama koko har ya huce. Da yamma ta koma da baya-baya, tana tura jiki sama da ƙarfin damtse, Patience da goyo tana tallafa mata hammata. Bayan zanenta ya yi ja da ƙasa, kwana uku ya yage.

Abarshi ya lura Saude ma ta sami wata sabuwar al'ada. In ta ga ba kowa, sai ta je ta hau matakalar a hankali, tana dafa gwiwa, ta tsaya a sama ta ɗan jima, ta sauko, ba tare da ta je yin komai ba. Shi ma in ya dawo daga aiki a taki na uku yake zama ya cire takalmi, alhali ga tabarma a gindin mangwaro.

A rana ta shida aka kwana ana yayyafi. Da safe duwatsun suna sheƙi. Patience ta tafi kai yaro allura, Saude tana ɗaki. Abarshi yana jan ruwa ya ji ƙarar faɗuwa da ɗan nishi. Hannun Martha ya zame a taki na biyar, ta faɗo na huɗu a kan gwiwar hannu. Fatar ta saɓule, jini yana bin yatsunta yana ɗiga a kan dutsen.

Ya ajiye guga ya zo. Ya tsaya a ƙasa, taki uku tsakaninsu, hannayensa a sake. Rabonsa da ya dubi fuskarta shekara biyu. Ta rame ƙwarai. Idanun sun yi fari-fari a gefe.

"Ba komai," in ji ta. "Fata ce."

Bai san lokacin da tambayar ta fito ba.

"Mama, da gaske kin ce a sauke ki?"

Ta dube shi. Ta goge jinin a zane.

"Obed ke faɗin haka. Yana rufa mini asiri ne, ɗa ne. Ban ce ba."

Yayyafin ya dawo, siriri.

"Ban ce komai ba, ɗan Muslimat. Ta ɗaga ni, ta ɗaure ni. Na ji ɗaurin ya kama cikina tamau, na ji daɗi. Ka ji? Shekara saba'in da wani abu, haƙori babu, na ji daɗi an ɗaure ni. Bakina yana nan, ba wanda ya toshe shi. Da na ce a sauke ni, wataƙila Obed ya ji, wataƙila bai ji ba. Amma ban ce ba. Tsoro na ji. Muna tafiya ina waiwaye, na gan ta ta nufi rafi, kanta ba mayafi." Ta haɗiye yawu. "Kullum sai na gaya wa Allah. Kai ne ban gaya wa ba, don ba ka kallo na."

Shekara biyu yana neman wanda zai tsaya a gabansa ya ce ni ne. Ga shi an ce. Ya jira ya ji fushin ya taso, ko ya ji nauyin ya sauka, babu wanda ya faru. Tsohuwa ce kawai a zaune a kan jiƙaƙƙen dutse, jini yana zuba a hannunta. Ya tambayi kansa, da shi aka ɗaure a bayan babur ɗin, da ya buɗe baki? Ya so ya ce eh. Bai iya ba.

"Wane irin ɗauri ta yi?" in ji shi.

"Sau biyu ta zagaya, ta soke bakin ta ƙasa. Da muka isa titi Patience ta kasa kwancewa, sai da aka sa wuƙa."

Shi ya koya wa Lailatu. Ɗaurin da ake yi wa katakon hawa gini ne, wanda nauyi ke ƙara tsuke shi. Ta yi aikinta da kyau, ba ta yi gaggawa ba, ta tabbatar tsohuwar za ta isa. Ita ta kai ta har bakin titi. Shi ya kasa kai ta bakin rijiya.

Ya juya ya ga Saude a ƙofar ɗaki da tsumma da ruwan ɗumi a kwano. Ta ji komai. Ta zo ta wuce shi, ta durƙusa ta wanke ciwon, ta ɗaure. Da ta gama ta ɗago ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi diga da ke jingine a jikin mangwaro, ya sake dubanta.

"Daga sama ake fara tayarwa," in ji shi a hankali. "In na ɗaga na tara, sauran ba su da amfani."

"Na sani."

"Ba zan iya mayar da su yadda suke ba."

"Na sani, Malam." Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Bari in hau sau ɗaya tukuna."

Martha ta ce, "Na ce kada a taɓa."

"Mama, ba ke za ki faɗa ba," in ji Saude. "Ni na haife ta."

Saude ta fara daga na farko. Ta hau tana dafa gwiwa, ta raɓa ta gefen tsohuwar, tana tsayawa a kowane taki kamar mai gaisawa da mutanen gida. A sama ta juya musu baya, kafaɗunta suna rawa. Ba su kira ta ba. Da ta sauko fuskarta a jiƙe take, ga yayyafi ga hawaye. Ta sa hannu a hammatar Martha, ta sauko da ita sauran takin, ta tsayar da ita a kan ƙasa, ta ba ta sandarta, ta riƙe ta ta baya.

Abarshi ya je jikin danga ya zaro karan dawa busasshe, ya karya shi daidai kamu ɗaya. Ya ciro wuƙa daga aljihu. Ya zo gaban tsohuwar ya tsaya, sannan ya tattare bakin rigarsa ya sa gwiwa biyu a cikin taɓo. Ya kafa karan a gefen ƙafarta. Ƙafar ƙarama ce, duk faso, ta yi sanyi.

"Ɗaga, Mama. Iya inda ba ciwo. Kada ki yi mini irin na Zalɓe."

Ta yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka. Ta ɗaga. Ƙafar tana rawa, ba ta wuce faɗin yatsu shida daga ƙasa ba. Ya tallafi diddigen a tafin hannunsa, ya jira rawar ta lafa, ya tsaga karan a wurin.